Karan da Ya Ƙi Bushewa: Yadda Aka Gano Sunan Wani Ganye Daga Damin Furanni

An kawo wa wata mai adon wuraren biki damin furanni irin wanda ake shigowa da shi daga waje. A ciki akwai farin wardi, da wasu karare kore guda biyar da aka cusa a tsakani don damin ya cika ido. Bayan mako guda wardin ya sunkuyar da kai, aka zubar da shi. Karare koren kuwa suka kai mako uku a cikin ruwa ba tare da ganye ko ɗaya ya faɗi ba, sheƙinsu bai ragu ba. Abin da take so ta sani uku ne: sunan tsiron don ta riƙa yin odarsa, ko za a iya dasa shi daga waɗannan karare, da kuma ko babu laifi a ɗora shi a kan teburin abinci ko a gefen kek.

Ta ɗauki hoton ganye guda ta saka a manhajar gane tsirrai ta waya. Amsa ta fito iri uku: Laurus nobilis, wato ganyen da ake jefawa a miya don ƙamshi, sai Camellia, wani tsiron ado mai fure, sai Ficus benjamina da ake shukawa a harabar gidaje da ofisoshi. Duk ukun ba su ba ne. Kuma manhajar ba ta yi wani abin mamaki ba, domin ganye kore mai sheƙi mai tsini a kai, wanda tsawonsa bai kai tafin hannu ba, tsirrai barkatai ke da irinsa. Siffar ganye ita ce hujja mafi rauni a wannan aiki, amma ita ce mutane suka fi dogara da ita.

Ganyen da ya biyo ta hannun 'yan kasuwar fure ya fi na daji wuyar ganewa. An raba shi da saiwarsa, an tsige na ƙasa, sau da yawa an fesa masa man sheƙi, wani lokaci an rina shi ko an jiƙa shi da sinadarin gilisarin don kada ya bushe. Ba ka san tsayin uwar tsiron ba, ba ka san ƙasar da ya fito ba. Saboda haka launi da sheƙi ba abin dogaro ba ne. Abin da ciniki ba ya iya canzawa shi ne yadda ganye ya manne da kara, yadda jijiyoyinsa suka tafi, ƙamshinsa, da ruwan da ke fita idan an yanka. Da waɗannan aka bi lamarin.

Abin da aka gani a kan tebur

Kayan aikin ba su da yawa: ma'aunin santimita, reza mai kaifi, farar takarda, fitilar waya, da gilashin ƙara girma mai ninka abu sau 10. Aka zaɓi karan da ya fi cika, aka wanke shi da ruwa mai ɗumi-ɗumi da ɗigon sabulu don cire abin da aka fesa masa, aka shanya shi a kan takardar.

Tsawon karan ya kai santimita 55. Kore ne tun daga inda aka yanke shi har ƙarshe, ba shi da ɓawo irin na itace, kuma bai yi reshe ko ɗaya ba. Ganyayen sun kai santimita 6 zuwa 9 a tsawo, 3 zuwa 4 a faɗi, masu kauri da tauri, tsinin kansu ba ya suka. A sama suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, dama da hagu, a ƙasa kuma sun ɗan taru kusa da juna.

Aka fara da hanci. An murje ganye guda tsakanin yatsu, babu ƙamshin komai sai warin ɗanyen tsiro. Wannan kaɗai ya fitar da Laurus nobilis, domin shi da an karya ganyensa ƙamshin ke tashi. Ya kuma fitar da lemun tsami da danginsa, da duk nau'o'in itacen turare, wato Eucalyptus, waɗanda ake yawan sakawa a damin fure. Don ƙarin tabbaci aka haska fitilar waya ta bayan ganyen. Ganyen lemo da na turare suna nuna ƙananan ɗigo-ɗigo masu haske, jakunkunan mai ke nan. A nan babu su.

Sai reza. An yanke karan sabon yanka, aka jira minti biyu. Babu farin ruwa mai danƙo. Duk wani Ficus, har da ceɗiya da durumi da muka sani, yana fitar da wannan farin ruwa idan an yanka shi yana ɗanye. Akwai sharaɗi a nan: karan da ya daɗe da yankewa ruwansa kan ragu, don haka a gwada a wuri mai taushi kusa da kai, kada a tsaya a gindin da ya jiƙa a ruwa mako uku. An gwada a wurare biyu, babu komai.

Daga nan aka bi gefen ganyen da farce. Sumul yake, babu haƙora. Camellia na da ƙananan haƙora a gefe. Haka ma salal, Gaultheria shallon, wanda ya kamata a ambace shi ko da manhajar ba ta kawo shi ba, domin yana cikin ganyayen da aka fi cusawa a damin fure a duniya. Ana tsinko shi ne a dazuzzukan gaɓar tekun Fasifik, a jihohin Oregon da Washington na Amurka da lardin British Columbia na Kanada. Karansa na itace ne, ja-ja, yana karkacewa dama da hagu a kowace gaɓa, ganyensa kuma ya fi faɗi da kaushi. A kasuwa wasu na kiransa ganyen lemo, alhali ba shi da wata alaƙa da lemo.

Jijiyoyi, da abin da ke gindin ganyen

A nan lamarin ya juya. Da aka ɗaga ganyen ga haske, sai aka ga jijiyoyinsa duk sun taso ne daga gindi, sun lanƙwasa sun bi siffar ganyen a jere, sannan suka sake haɗuwa a tsini. Wannan tsari ne na rukunin tsirran da dawa da masara da albasa ke ciki, masu fito da ganyen iri guda ɗaya idan sun tsiro. Itatuwan da manhajar ta kawo duk na ɗaya rukunin ne, masu jijiyar tsakiya wadda ƙanana ke fita daga jikinta suna yin raga.

Mutane da yawa kan ruɗe a wannan gaɓa da Ficus benjamina, domin shi ma ƙananan jijiyoyinsa a jere suke, kusa da kusa. Bambancin shi ne inda suka taso. Nasa suna fita daga jijiyar tsakiya su nufi gefe. Na wannan karan suna fita daga gindi su nufi tsini. Irin wannan dubawa ce ta fitar da Zamioculcas, tsiron tukunya ɗan asalin gabashin Afirka da ake ajiyewa a falo, wanda daga nesa ya yi kama da wannan sosai. Shi jijiyoyinsa daga tsakiya suke fita, kuma gindin karansa kumburarre ne mai ruwa.

Sai aka sa gilashi a inda ganyen ya haɗu da kara. A ƙa'idar tsirrai, ganye na gaskiya yana da idon toho a hammatarsa, wato a kusurwar da ke tsakaninsa da kara ta sama. Daga wannan idon ne reshe ko fure ke fitowa. A wannan karan babu ido a hammatar ko ɗaya. Abin da aka samu yana ƙasa ne: wani ɗan ɓawo siriri, busasshe, mai launin ƙasa-ƙasa, 'yan milimita kaɗan, manne a kara daidai ƙarƙashin kowane ganye. A wasu gaɓoɓin ya riga ya faɗi ya bar tabo.

Wannan ɗan ɓawon shi ne ganyen gaskiya. Abin da kowa ke kira ganye, mai faɗi mai sheƙi, reshe ne da ya baje ya ɗauki aikin ganye. Shi ya sa babu ido a hammatarsa: shi kansa ne abin da idon ya zama. Ya fito daga hammatar ɗan ɓawon, daidai inda reshe ke fitowa a kowane tsiro.

Hujja ta biyu ta zo da aka juya faffaɗan rassan ɗaya bayan ɗaya. A cikin wasu, ba duka ba, akwai wani ɗan ƙullutu a kan jijiyar tsakiya, wajen rabin tsawon, a fuskar ƙasa. Mai adon ta ɗauka ƙwari ne ko cuta, har ta kankare wasu da farce. A ƙarƙashin gilashi sai aka ga ɗan ƙaramin ɓawo ne mai tsini, da ƙullin furanni biyu ko uku a gindinsa. Ɗaya ya buɗe: faɗinsa bai kai santimita ɗaya ba, yana da kunnuwa shida kore-kore masu haske, da ɗan bututu mai launin shunayya mai duhu a tsakiya. Fure ba ya fitowa a tsakiyar ganye sai a tsirrai ƙalilan ƙwarai. Idan aka haɗa wannan da jijiyoyi a jere da ɗan ɓawon gindi, an isa jinsin Ruscus, na dangin Asparagaceae.

Darasin aiki a nan shi ne a duba kowane kara da ke hannu, gaba da baya. Cikin karare biyar ɗin, biyu ba su da ƙullin ko ɗaya. Da su kaɗai aka kawo, da aikin ya tsaya a kan ɗan ɓawon gindi da jijiyoyi, waɗanda sun isa su kai mutum ga dangi amma ba su isa su raba 'yan gida ɗaya ba.

Wanne ne a cikin dangin

Tsirrai huɗu ne ke iya shiga wannan siffa a kasuwar fure, kuma sunayen ciniki sun cakuɗa su.

Ruscus aculeatus shi ya fi sauƙin fitarwa. Karansa na yin rassa da yawa, faffaɗan rassansa ƙanana ne, ba su cika wuce santimita 3 ko 4 ba, kuma kowanne na da ƙaya mai suka a kai. Wanda ya taɓa shi sau ɗaya ba ya mantawa.

Danae racemosa shi ne 'yan kasuwa ke kira ruskus na Italiya. Ba Ruscus ba ne, ɗan'uwa ne na kusa, kuma asalinsa ba Italiya ba ne, daga yankin Turkiyya da Siriya da Kokasas da arewacin Iran yake. Sunan ya biyo shi ne saboda ana nomansa da yawa a yankin Liguriya na Italiya, wajejen garin Sanremo. Karansa dogo ne mai lanƙwasa, yana yin rassa, faffaɗan rassansa sirara ne masu laushi. Babban abin da ya raba shi da Ruscus shi ne furanninsa na fitowa a ƙarshen reshe a jere, ba sa hawa kan fuskar ganyen. Shi ake nema idan ana son ado mai zubowa daga kan tebur ko ƙofar shiga. Wanda ya yi odar ruskus kawai bai fayyace ba, yana iya samun wannan a maimakon wancan, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne.

Saura biyu masu kara marar reshe: Ruscus hypoglossum da Ruscus hypophyllum. Abin da ke raba su shi ne ɗan ɓawon da ke rufe furen. A hypoglossum babba ne, kore, kamar wani ƙaramin ganye da ya tsaya a kan babba, yana iya kai santimita 2 ko fiye, kuma yawanci a fuskar sama yake. A hypophyllum ƙarami ne siriri, 'yan milimita, furen kuma ya fi yawa a fuskar ƙasa, ko da yake akan same shi a sama. A karan da ake bincike ɓawon bai kai milimita 5 ba, yana ƙasa. Amsar ita ce Ruscus hypophyllum, wanda masanin tsirrai Linnaeus ya raɗa wa suna a 1753, ɗan asalin yammacin Bahar Rum, musamman Maroko da Aljeriya da Tunisiya da kudancin Sifaniya. A kasuwa sunansa ruskus na Isra'ila, saboda yawan nomansa a can, amma ana nomansa a jihar Florida ta Amurka da wasu ƙasashen Kudancin Amurka ma.

Akwai haɗaɗɗen iri tsakanin waɗannan biyun, Ruscus × microglossus, mai ɓawo matsakaici, wanda ya yaɗu a lambunan Turai. Idan ɓawon ya faɗa tsakani, kore ne amma gajere, gara a tsaya a sunan jinsi a ce Ruscus, a bar sauran ga masu ma'ajiyar busassun tsirrai irin ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ko ta cibiyar binciken gandun daji da ke Ibadan. Don kai musu, a danne kara guda cikakke tsakanin tsofaffin jaridu a ƙarƙashin nauyi, a juya wasu ganyayen fuskar ƙasa ta kalli sama, a riƙa canza takardar kullum a kwanakin farko don kada ya yi fumfuna.

Hanya mafi gajarta da aka manta da ita tun farko ita ce tambayar dillali. Kayan da suka biyo ta kasuwar gwanjon furanni ta Aalsmeer a Holan, ko suka zo kai tsaye daga gona, suna zuwa da takarda a jikin kwali mai ɗauke da sunan kaya da tsawon kara. Hoton wannan takarda ya fi hoton ganye amfani. Sai dai ko an samu sunan, a gwada shi da abin da ido ya gani, tunda an ga yadda sunan ciniki ke kaucewa.

Dasawa: me ya sa karan ba zai yi saiwa ba

Mai adon ta riga ta sa biyu a ruwa tana jiran saiwa, ganin sun ƙi mutuwa. Ba za su yi ba, ko da an shafa musu garin sa saiwa. Dalilin yana cikin abin da gilashi ya nuna. Yankakken kara na zama sabon tsiro ne idan yana da idon toho da ya rage a gaɓa. Dracaena, wata shukar ado da ake ajiyewa a kwalbar ruwa, tana da su, shi ya sa take yin saiwa ta yi toho. A Ruscus duk idanun da ke kan kara sun riga sun zama faffaɗan rassa. Karan na fitowa daga ƙasa da adadin rassansa cikakke, ya miƙe, ya taurare, ba ya ƙara ko ɗaya har ya mutu. Idanun da ke haifar da sabon kara suna ƙarƙashin ƙasa, a jikin wani kwantaccen kara irin na citta. Daɗewarsa a ruwa ba alamar zai rayu ba ne. Fatarsa ce mai kauri, ba ya zubar da ruwa da sauri.

Hanyar yaɗa shi biyu ce. Ta farko a tono gindin, a raba kwantaccen karan gunduwa-gunduwa, kowace da saiwa da kara biyu ko uku, a dasa ba da zurfi ba a ƙasa mai tsane ruwa. Ta biyu iri, daga jajayen 'ya'yansa, amma yana ɗaukar watanni kafin ya tsiro, wani lokaci fiye da shekara, sannan wasu shekaru kafin ya ba da karan da za a yanka. Masu nomansa na kasuwa suna rufe shi da ragar inuwa mai tare mafi yawan hasken rana, domin rana kai tsaye na ƙona shi ya koma ruwan ɗorawa. Ruwan da ake watsawa ta sama a yanayi mai zafi da laima yana jawo masa cutar ɗigon ganye, wadda ta wahalar da manoman Florida. Tsiro ne na inuwar dajin Bahar Rum, don haka wanda ke Kano ko Maraɗi, inda zafin bazara ke haura digiri 40, bai kamata ya zuba jari a kansa ba. Tudun Jos ko Mambila sun fi kusa da abin da yake so. Shigo da gindinsa mai rai daga waje kuma yana buƙatar izinin hukumar killace kayan noma.

Riƙe shi, da maganar abinci

Don ya daɗe, a yanke santimita 2 daga gindi da wuƙa mai kaifi, a tsige duk abin da zai nutse a ruwa, a yi amfani da bokiti wankakke, a canza ruwa duk kwana biyu ko uku. Abin da ke kashe shi da wuri shi ne ruɓewar ganyen da ya nutse, wanda ke sa ƙwayoyin cuta su toshe hanyar ruwa a kara. Idan akwai ɗakin sanyi, digiri 4 zuwa 5 ya isa, a lulluɓe shi da leda mai huji. Iskar na'urar sanyaya ɗaki da ke bugunsa kai tsaye da busasshiyar iskar hunturu duk suna sa gefensa ya ƙone. A yanayi mai kyau yana kai mako uku zuwa huɗu, wani lokaci ya wuce.

A kan tebur babu laifi. A jikin kek kuwa kada ya taɓa abin da za a ci. 'Ya'yan Ruscus na ɗauke da sinadarin da ke ɓata ciki, musamman ga yara, amma babbar damuwar ita ce maganin ƙwari da na fumfuna, domin ganyen ado ba a noma shi da dokokin kayan abinci. A wanke shi, a naɗe gindin, a sa faranti ko leda tsakaninsa da kek ɗin.

Wannan tambaya ta uku ita ce ta sa bai kamata a yi wasa da gane ganye ba. Idan kayan waje suka yi tsada ko suka makara, masu ado kan yanko abin da ke harabar gida su cike gurbi, kuma cikin abin da aka fi shukawa a harabobinmu akwai Nerium oleander, mai furanni ruwan hoda ko fari. Ganyensa dogo ne siriri mai tauri, yana kama da na ruskus na Italiya ga wanda bai duba da kyau ba, kuma kowane sashe nasa guba ne mai taɓa zuciya. Ana gane shi da abu uku: ganyayensa na fitowa uku-uku a gaɓa ɗaya, jijiyar tsakiyarsa ta fito sosai da ƙanana masu yawa da ke nufar gefe, kuma yana fitar da ruwa mai danƙo idan an yanka. Wanda ya same shi a cikin kayan ado ya cire shi daga duk inda abinci ko yara za su kai, ya zubar da ruwan da aka jiƙa shi, ya wanke hannu da sabulu.